Farin Maganin da Inna Ta Sayo

Zuwa ga Yayana, maigidana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana cikin ƙoshin lafiya. Ya karatu, ya zaman kaɗaici? Mu nan lafiya lau, sai kewarka. Inna tana gaishe ka, ƙafarta ta yi sauƙi, har tana hawa bene ba ta dafa bango. Ni kuwa ciki ya fito sosai, rigunana duk sun yi mini tawaye, sai tsohuwar rigarka mai ruwan toka nake sawa a cikin gida. Ƙwannafi ne dai ya sa ni gaba, kamar na haɗiyi garwashi.

Kada ka yi dariya don na koma rubuta wasiƙa kamar matan cikin littattafaina. Tun da mahaifiyarka ta dawo wurinmu don ta kula da ni, waya ta daina zama tawa. Da ta yi ƙara sai Inna ta jawo kujera ta ce, "Buɗe muryar mu ji shi tare." To ta yaya zan gaya maka abin da ke raina, alhali kai da Gwaggona kaɗai kuka san da abin da aka haife ni da shi?

Ga maganar. Na je awo, na kuma karɓi sakamakon jinin da aka ɗiba. Nas ɗin nan mai tabarau, wadda ke kirana 'yar gida, ta daɗe tana kallon takardar. Sai ta ce, "Ƙwayar ta ɗago kai." Yaya, shekara da shekaru HIV ɗin nan ba a ganinta a jinina. Kai da kanka ka ce mini muddin tana kwance haka, da wuya ƙwarai ta kai ga abin da ke cikina. Yanzu ga ta an ƙirga ta da lamba. Nas ta ce ba ta yi yawa ba tukuna, amma dole a kwantar da ita kafin haihuwa.

Na fito na zauna a bencin bakin asibiti ina kallon masu sayar da lemo. A littattafan da nake karantawa, mai irin ciwona ba ta kai babin ƙarshe. Kullum a babi na kusa da ƙarshe ake rufe ta, a yi kuka, sauran su ci gaba da soyayyarsu. Na saba in yi tsaki in ce marubucin bai san komai ba. Ranar dai ban iya yin tsakin ba.

Ba don kaina nake tsoro ba. Yana motsi yanzu haka da nake rubutu, ta gefen hagu.

Ka rubuto mini. Ka aiko ta adireshin shagon Gwaggo.

Taka har kullum,
Ƙanwarka.

*

Ƙanwata,

Wa alaikumus salam. Na samu wasiƙarki, na karanta ta a tsaye a bakin ƙofar ɗakin gwaji. Lafiyata ƙalau. Ki gaishe da Inna da Gwaggo.

Bari in fara da abin da na sani, don shi ne kawai nake da shi a hannu. Na taɓa gaya miki ƙwayar nan tana da ma'aikata uku da ba ta iya yaɗuwa sai da su, mu muna ce musu enzayim. Akwai mai kwafi, wanda ke kwafe saƙon ƙwayar. Akwai tela, wanda ke ɗinke kwafin a cikin namu gadon halitta. Akwai mai almakashi, wanda ke yanka wa sababbin ƙwayoyi kayan jikinsu. Maganin da kike sha yana ɗaure hannun mai kwafi da na tela. Ni a kan telan nake aiki. Wuni nake ina juya hotonsa a kwamfuta, ina neman abin da zai shige masa baki ya zauna daram. Wanda muka haɗa a watan jiya ya kama shi sosai a cikin kwalba, da muka kai shi kan ƙwayoyin jiki sai ya zama ruwa. Shugabar ɗakinmu ta ce, "Madalla, mun ƙara sanin hanya ɗaya da ba ta ɓullewa."

Idan ƙwayar ta ɗago ga mai shan magani, abu biyu aka fi zargi. Ko dai maganin ba ya isa jini yadda ya kamata, ko kuwa ƙwayar ta sauya kama ta yadda ba ya riƙe ta. Na biyun yakan biyo bayan na farkon ne, idan ana sha ana tsallakewa.

Saboda haka ki amsa mini tsakani da Allah. Kina sha kullum? Ko amai yana fitar da shi? Ko akwai ranakun da karatu ya ɗauke miki hankali har lokaci ya wuce? Na san ki da littafi, tukunya ma takan ƙone. Ba faɗa nake yi ba, sani nake son yi.

Ki amsa da wuri.

Yayanki.

*

Ƙanwata,

Salamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya, ke da Inna da ɗan mutumin.

Mako na uku ke nan ina leƙa akwatin wasiƙu, mai gadin gininmu har ya fara girgiza mini kai tun daga nesa. Idan na kira, sai ki ce "lafiya lau" ki miƙa wa Inna. Jiya ta kwashe rabin awa tana ba ni labarin famfon da ya lalace, ina jin ƙarar cokalinki a bayanta.

Na sake karanta abin da na rubuta a raina, ban ga inda na yi ɓatanci ba. Abokin aikina, wani dogo mai 'ya'ya huɗu, ya ce wannan ita ce babbar alamar cewa na yi. Idan haka ne, ki faɗa mini ko da zagi ne. Lokaci yana tafiya, cikin ba zai jira mu mu gama fushi ba.

Yayanki.

*

Malam mai bincike,

Wa alaikas salam. Muna lafiya. Inna lafiya. An gyara famfo.

Ka ce ko da zagi ne. Ba zan zage ka ba, an yi mini tarbiyya. Amma na rubuto maka cikin tsoro, ka maido mini da darasi da tambayoyi kamar ɗan sanda. Ko "sannu" babu a ciki. Na duba har bayan takardar.

Tun ina 'yar firamare nake haɗiyar maganin nan. Na sha shi a makarantar kwana cikin banɗaki, da ruwan famfo a tafin hannu, don kada 'yan ɗakinmu su gani. Na sha shi ranar da aka kawo ni gidanka, da lalle a hannuna. Tukunya takan ƙone, gaskiya ne, na ƙona guda biyu kuma ban ji kunya ba. Amma ban taɓa ƙona wannan ba. Yanzu da nake ɗauke da ɗanka ne zan fara?

Tunda lissafi kake so, ga yadda nake yi, ka kai wa shugabarku ta duba.

Da can da dare nake sha. Da Inna ta zo sai ta shimfiɗa katifarta a ɗakina, wai kada naƙuda ta zo mini ba kowa. Idonta kuwa ka san shi, allura ba ta faɗuwa a gidan nan ba ta tambayi mai ita ba. Sai na yi dabara. Na juye ƙwayoyina a cikin robar maganin ƙarin jini da aka ba ni a wurin awo. Kowace safiya, kafin in sa komai a bakina, Inna takan zo da tire: kofin ruwa, na ƙarin jini, na ƙarfin ƙashi, da wata babbar kwalbar farin maganin ƙwannafi mai kama da madara, wanda ta sayo mini a kemis da kuɗinta. Sai in zazzago biyu daga robar a maimakon ɗaya, in dunƙule hannu, in watsa duka a baki lokaci guda, in bi da cokali biyu na farin. Ita da kanta take riƙe cokalin. Tana kallona ina sha, ba ta san me na sha ba. Ko rana ɗaya ba ta wuce ba, don Inna ba ta mantuwa.

Har daɗi nake ji da wannan dabarar, ina ganin ko matan littafi ba su kai ni wayo ba.

To ka ji. Ban tsallake ba. Idan ƙwayar ta sauya kama ne, sai ka faɗa mini a fili, ka daina zagaye-zagaye. Kuma idan za ka sake rubutowa, ka fara da tambayar yadda na kwana.

Matarka.

*

Ƙanwata, hasken gidana,

Yaya kika kwana? Yaya kika tashi? Yaya bayanki, yaya ƙafafunki? Sannu. Sannu ƙwarai. Wannan ita ce ya kamata ta zo a farko, na bar ta a baya kamar wawa. Ki yafe mini. Tsoro ne ya kama ni, ni kuwa idan na tsorata sai in koma malami.

Kafin wannan ta iso kin riga kin ji muryata a waya ina cewa ki ajiye farin maganin nan, ki tafi asibiti da kwalbar gobe-gobe. Na san Inna tana saurare. Ban iya yin bayani a gabanta ba, ga shi nan.

Telan nan da nake gaya miki, yana aiki ne da wasu 'yan ƙwayoyin ƙarfe guda biyu a bakinsa, kamar yadda telan gaske ke riƙe allura da leɓe. Sunan ƙarfen maganiziyam. Waɗanda suka ƙera maganinki sun yi masa wasu 'yan yatsu ne musamman don ya cafke ƙarfen nan biyu, telan ya tsaya cak. Wannan hoton nake kallo kullum, har a mafarki. Amma yatsun ba su da ido. Duk ƙarfe irin wannan da suka fara cin karo da shi, shi za su rungume. Farin maganin ƙwannafi kuwa yawanci cike yake da maganiziyam da ɗan'uwansa alminiyam. Na ƙarin jini ƙarfe ne, na ƙashi ma haka. Idan suka haɗu a cikin da babu abinci, maganinki sai ya riƙe su tun a hanji, babban rabonsa ya wuce bai shiga jini ba.

Kin gane? Kina sha kullum, amma kaɗan ne ke isa wurin aiki.

Da na kai wurin tiren Inna a wasiƙarki sai na miƙe tsaye, kujera ta faɗi. Dogon nan ya ɗauka wani abu ya fashe. Na yi ta dariya ina share ido, don a cikin duk abubuwan da nake tsoro, wannan ne mai sauƙin gyara.

Amma ki ji da kyau: ni ba likitanki ba ne, kuma zato nake yi, ban tabbatar ba. Ki kai musu kwalbar da robar da komai, ki faɗi yadda kike sha kamar yadda kika faɗa mini. Su za su tsara miki lokuta, su kuma duba ko ƙwayar ta sauya. Kada ki daina na ƙarin jini da kanki, kina buƙatarsa.

Saura maganar Inna. Idan aka raba lokutan, za ta ga akwai wata ƙwaya ta daban. Ni na ce a ɓoye mata tun farko, ni ya kamata in faɗa mata. Ki ba ni izini kawai. In kuma ba ki so, sai mu nemi wata hanya. Sirrinki ne.

Naki,
Yayanki da ya yi laifi.

*

Yayana,

Assalamu alaikum. Na kwana lafiya, tunda ka tambaya. Na yafe, amma ka sani na ajiye waccan wasiƙar, wata rana zan karanta wa ɗanka ya ji irin ubansa.

Ka makara da neman izini. Ga yadda aka yi.

Da ka kashe waya, Inna ta ɗauki kwalbarta ta juya ta gaba da baya. Ta ce, "Wato guba na sayo miki." Na ce a'a. Ta ce, "To me ya sa ɗana zai kira daga wata uwa duniya yana haki a kan maganin ƙwannafi? Ni na haife shi da ƙwannafin nan, wannan maganin na sha, ga shi nan da kansa kamar tulu." Washegari ta yafa mayafi tun kafin in shirya, ta ce ƙafarta ƙafata, sai likita ya gaya mata laifin maganinta.

A cikin mota na yi ta tsara jawabi. A littafi, irin wannan wurin shafi uku yake ci, da hawaye da durƙuso. Da muka zauna a layin jira, ga mata ko'ina, ga wata tana canza wa ɗanta nafkin a gefena, sai kawai na ji bakina ya ce, "Inna, ina da HIV. Da ita aka haife ni. Yaya ya sani tun kafin aure, shi ba shi da ita." Shi ke nan. Jawabin duk ya gudu.

Inna ta kau da kai. Ta kalli bango. Aka kira lambata, muka shiga tare.

Likitar ta karanta jikin kwalbar, ta dafe goshi. Ta ce, "'Yar nan, ba a gaya miki kada ki haɗa su ba?" Na ce wataƙila an faɗa tun da daɗewa, lokacin ba ni da ciki balle ƙwannafi. A wurin awo kuma ba wanda ya tambaye ni da me nake haɗawa, ni ma ban ɗauki maganin kemis a bakin magani ba. Ta ce zancenka yana kan hanya. Ta canza mini na ƙwannafi, ta ce in har na koma wa farin, to sai bayan awa biyu da shan nawa, ko awa shida kafinsa. Na ƙarin jini da na ƙashi kuma tare da abinci. An sake ɗibar jini don a ga ko ƙwayar ta sauya.

Sai Inna ta yi magana, karo na farko. Ta ce, "Likita, abin da ke cikin fa?" Likita ta ce idan aka kwantar da ƙwayar kafin haihuwa, da yardar Allah lafiya zai fito. Inna ta ce, "Idan ba a kwantar ba fa?" Likita ta faɗa mata gaskiya.

Kwana biyu ba ta yi mini magana ba sai gaisuwa. Na ga ta ware kofinta ta kife a saman firji. Wannan ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye maka ba. Na shiga ɗaki na buɗe littafi, na kasa gane layi ɗaya.

A rana ta uku ina wanke-wanke ta tsaya a bayana. Ta ce, "Ke, tun yaushe uwarki ta rasu?" Na ce ina shekara huɗu. Ta ce, "Wa ke tuna miki shan maganin?" Na ce ba kowa, Gwaggo tana kasuwa, ni nake tuna wa kaina. Sai ta ce, "Kawo robar nan." Ta zazzage ta a faranti, ta ware nawa gefe guda da ɗan yatsa, ta ce, "Wannan ne?" Na ce shi ne. Ta ce, "Ɗan ƙaramin abu." Ta nemo wata roba ta zuba su.

Yanzu ita ce mai agogo. Ko mai gadin banki bai kai ta tsanani ba. Kofin dai yana nan a saman firji.

Kai kuma ka shirya. Ta ce ba da ni take fushi ba, da kai ne, da ka bar ta tana ɗura wa jikanta matsala da cokali. Ta ce duk digirinka, ranar da ka dawo sai ta ja kunnenka a gaban mutane.

Taka,
Ƙanwarka.

*

Ƙanwata,

Yaya kika kwana? Kin ga na koyi darasi.

Na ji saƙon a bakin Inna kafin naki: "Ƙwayar ta kwanta, ba a ganinta, kuma ba ta sauya ba." Ta faɗe shi kamar ita ta je ta kwantar da ita da hannunta. Daga nan ta yi mini wankin babban bargo, na kuwa cancanta.

Na fita tsakar gida na zauna a kan matakala. Shugabarmu ta wuce ta tambaye ni ko gwajin ne ya sake lalacewa. Na ce a'a, wani gwaji ne a gida ya yi kyau. Ban san lokacin da na ba ta labarin ba, ban ambaci sunanki ba. Ta zauna kusa da ni da farar rigarta. Ta ce shekara da shekaru tana ƙera magani don bakin enzayim, ba ta cika tuna cewa sai ya bi ta bakin mutum ba tukuna, a gidan da akwai suruka.

Sabon haɗinmu ma ya faɗi a gwaji na biyu. Ko a jikina. Gobe za mu fara wani.

Ba za su sake ni ba sai na gama wannan zangon. Ki riƙe mini wurina.

Yayanki.

*

Yayana, baban yarinya,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, mu uku. Ɗinkin ya warke, ina tafiya ba dafe-dafe. Ka ga ɗanka da muka yi ta kira ashe mace ce, ta bar mu muna ta surutu. Tana shan nono kamar an ce za a ƙwace, tana shan ɗan maganinta na ruwa tana yamutsa fuska irin taka idan shayi ya huce.

Na san Inna ta riga ta yi maka ihu a waya, amma ina so ka same shi a rubuce, da hannuna, ka ninke ka sa a aljihu.

Mun je karɓar sakamakonta. Inna ce ta goya ta, ta ce bayana bai yi ƙwari ba. Nas mai tabarau ta buɗe takardar, wannan karon ba ta daɗe ba. Ta ce, "Babu." Inna ta ce, "Me kika ce?" Ta ce, "Babu ƙwayar a jininta, Hajiya." Inna ta ce, "Kunnena na dama ba ya ji sosai, zagayo ta nan." Yaya, kunnen Inna da ke jin buɗe firji daga banɗaki! Nas ta zagayo, ta sake faɗa. Sai Inna ta zauna a kujerar likita, ba wanda ya ce ta tashi.

Ni ban yi kuka ba. Na zaci zan yi. Yunwa ce kawai ta kama ni, irin wadda ban taɓa ji ba, na cinye biredi guda a bakin ƙofar asibiti, a tsaye, mutane suna kallona.

An ce da sauran gwaji nan gaba, har bayan yaye, kuma dole in ci gaba da riƙe nawa maganin da kyau muddin tana shan nono. Na sani. Amma yau dai na sauke kayan, gobe na ɗauka.

Tun da muka dawo nake tunanin mutanen da suka ƙera wa maganin nan yatsunsa. Ban san su ba, ba su san ni ba. Wataƙila su ma nasu ya yi ta lalacewa kamar naka, suna komawa gida da ciwon kai. Idan ka haɗu da ɗaya daga cikinsu a irin tarukanku, ka gaishe shi. Ka ce masa akwai wata yarinya a nan mai nauyin kilo huɗu da ɗoriya, lafiyarta ƙalau, ta kwaso kunnuwan ubanta. Wannan dai ba laifinsu ba ne.

Ka dawo ka gan ta kafin ta fara zama.

Taka,
Maman yarinya.